Mu Leƙa Duniya: Zauren Baƙi na Mutanen Kenya

Kowane magidanci ya san amfanin zaure. Nan ake saukar baƙo, nan ake maganar aure, nan ake sasanta 'yan'uwa in sun saɓa, nan kuma maƙwabta ke zama ranar gaisuwar mutuwa. Mutum yakan haƙura da yoyon ɗakin kwanansa damina guda, amma ya yaɓe zaurensa, gama shi ne abin da jama'a ke gani. To, yadda gida yake da zaure, haka ƙasa ma take bukatar nata, watau wurin da za ta tara baƙi dubu uku ko dubu biyar a lokaci guda su yi shawara, 'yan kasuwa kuma su baje kolinsu. Irin wannan gini shi ake kira cibiyar taro da baje koli. A wannan wata za mu leƙa ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a Afirka, Cibiyar Taro ta Kenyatta da ke tsakiyar birnin Nairobi. Abin da za mu auna ta da shi kuwa ba mai wuya ba ne: in taron mutane ya shiga, suna ganin juna? Suna jin juna? Suna shan iska? In kuma wani abu ya faru, za su fita da ransu?

Kenya ta sami mulkin kai a watan Disamba na 1963. Bayan 'yan shekaru sai jam'iyyar da ke mulki, wadda ake kira KANU, ta so ta gina wa kanta hedkwata. Aikin zanen ya faɗa hannun mutum biyu a Ma'aikatar Ayyuka. Ɗaya shi ne David Mutiso, ɗan ƙasa, wanda ya yi karatun zanen gini a Ingila, ya kuma zama baƙin mutum na fari da ya shugabanci masu zanen gine-ginen gwamnatin Kenya. Ɗayan kuwa Karl Henrik Nostvik ne, mutumin Norwe, wanda ƙasarsa ta aiko shi aikin taimako a 1965. Har wa yau akan yi gardama a kan wanda ya fi hannu cikin zanen, mu kam ba za mu shiga wannan shari'a ba. Mutiso ya ba da labari daga baya cewa da fari ɗan bene mai hawa huɗu aka nufa, amma duk sa'ad da aka kai wa Shugaba Jomo Kenyatta zane, sai ya nemi a ƙara masa tsayi. Ana cikin haka sai aka tsai da shawara Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya za su yi babban taronsu na 1973 a Nairobi, karo na fari ke nan a ƙasar Afirka. Sai gidan jam'iyya ya rikiɗe ya zama masaukin baƙin duniya. Aka buɗe shi a watan Satumba na 1973, cikin watan nan kuma baƙin suka iso.

A wurin taron ne shugaban Bankin, Robert McNamara, ya yi jawabin da ake tunawa da shi har yanzu, a kan matsanancin talauci da halin da ƙananan manoma ke ciki. Abin da ban mamaki kaɗan, a zauna cikin sabon gini na maƙudan kuɗi ana zancen manomin da ba shi da abin sayen taki. Bankin bai sake kawo wannan taro Afirka ba sai bayan shekara 50, a Marakesh ta ƙasar Maroko, a 2023. Yawancin irin waɗannan gine-gine haka ake haifarsu, da gaggawa, domin baƙon da ya riga ya sa rana. Cibiyar taro ta Abuja ma an gina ta ne saboda taron shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka na 1991.

In ka tsaya a filin da ke gaban ginin na Nairobi, abu uku za ka gani, dukansu launin jan ƙasa. Akwai doguwar hasumiya kewayayya. Akwai wani babban ɗaki mai kusurwa huɗu kamar akwati. Akwai kuma wani ɗaki mai tsinin kai, wanda ko yaro ya gan shi zai ce ai ɗakin jinka ne aka yi da kankare.

Hasumiyar ita kowa ke ɗauka hoto. Tsayinta mita 105, hawa 28, ta kuwa yi shekara fiye da 20 babu ginin da ya kai ta a Nairobi. Can ƙoli ta buɗe kamar malafa. A ƙarƙashin malafar aka yi gidan cin abinci wanda inji ke juya shi sannu a hankali, domin mai cin abinci ya ga gari duka yana zaune, a bisa kuma aka yi wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. Amma in za mu faɗi gaskiya, cikin ukun nan hasumiyar ce ta fi nisa da sha'anin taro. Ofisoshi ne a cikinta. Babu wakilin da ke bukatar hawa bene 28 kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Tuta ce ta sabuwar ƙasa mai son a hango ta daga nesa, ba mu kuwa ga laifin wannan ba, tun da ko a ƙauye mai hali yakan yi wa soronsa zanko. Abin da muka yaba a jikinta shi ne kowane hawa yana da leɓen kankare da ya fito waje, tagogi kuma suka shige ciki. Leɓen nan yana yi wa taga inuwa kamar yadda bakin jinka ke sauka ya kāre bango daga rana da ruwa.

Bari mu shiga babban ɗakin, gama nan ne aikin injiniya yake. An ce yana ɗaukar mutum har 5,000. Matsalar fari da mai gina irin wannan ɗaki zai fuskanta, maginanmu na gargajiya sun san ta tun kaka da kakanni: yaya za a rufe fili mai faɗi ba tare da an cika shi da ginshiƙai ba? Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cinta, amma in an ɗora mata ƙasa ba ta iya ƙetare fiye da ƙafa shida ko makamancin haka sai ta lanƙwashe. Domin haka ne gwanayen magina suka koyi ɗaura baka, su jera azara a kan azara tana fitowa daga bango kaɗan kaɗan har ta haɗu da 'yar'uwarta a tsakiya. Wanda ya taɓa ɗaga kai ya dubi daurin guga a soron wani basarake, ko aikin da Babban Gwani ya yi a tsohon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya ga amsar da kakanninmu suka ba wannan tambaya. Injiniyan zamani da ƙarfe da kankare mai rodi yake amsa ta. Yakan shimfiɗa dogayen katakan ƙarfe da aka sarƙa kamar na gadar jirgin ƙasa, daga wannan bango zuwa wancan, nauyin rufin duka ya sauka a gefe, tsakiya ta zauna fayau. Gwargwadon faɗin ɗaki, gwargwadon kaurin abin da ke ɗauke da rufinsa, gwargwadon kuma kuɗin da zai ci. Ginshiƙi ɗaya a tsakiya da zai rage kuɗi ƙwarai, amma duk wanda aka ba kujera a bayansa ya zo taro a banza.

Ga kuma wata matsala wadda ba kowa ke lura da ita ba. Taro da baje koli kishiyoyi ne, abin da wannan ke so wancan ba ya so. Ɗakin taro yana son daɓe mai gangara, na baya su ɗara na gaba tsayi domin kowa ya hangi mai magana, yana son kujeru kafaffu, da shiru. Baje koli kuwa daɓe shimfiɗaɗɗe yake so, ba tudu ba kwari, ba kujera ko ɗaya. Yana son daɓen ya yi ƙarfin da zai ɗauki tarakta ko injin niƙa, da ƙofa wadda babbar mota za ta shiga da kaya ta sauke a ciki, da wutar lantarki a kowace rumfa. Saboda haka a cibiyoyin da ake ginawa yanzu akan haƙa ƙananan lambatu a ƙarƙashin daɓe, a bi da wayar wuta da bututun ruwa ta ciki, a rufe da murfi, duk inda ɗan kasuwa ya kafa rumfarsa sai a buɗe a jawo masa. Akan rataye bangaye masu tafiya a kan dogo daga rufi, yau a ja su a raba ɗaki uku, gobe a tura su gefe ya koma ɗaya. Akan kuma raba ƙofar baƙi da ƙofar kaya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, kada minista da rigarsa ya yi karo da mai turin kura. Masu zanen Nairobi ba su tilasta wa ɗaki guda ya auri kishiyoyin nan biyu ba. Suka bar babban ɗakin da shimfiɗaɗɗen daɓe, yau a jera kujeru a yi taro, gobe a kwashe a baje koli, jibi a yi liyafa. Shawara ta ƙut da ƙut kuwa suka gina mata nata ɗaki dabam.

Wannan shi ne ɗakin mai kamar jinka, shi ne kuma muka fi so a ginin duka. Yana ɗaukar mutum wajen 800, kujerun kuwa an jera su hawa hawa suna kewaye da tsakiya. Waɗansu za su ce siffar bukka ado ne kawai, don baƙo ya san Afirka ya zo. Mu muna ganin abin ya fi haka. Ku tuna da ɗakin aji: malami a gaba, yara a jere, kowa yana kallon ƙeyar na gabansa. Wannan zama na mai koyarwa ne da masu sauraro. Sa'an nan ku tuna da yadda dattawa ke zama a gindin itace in magana ta taso a gari. Kewaye suke yi, kowa yana ganin fuskar kowa. In wani ya faɗi abin da bai gamshi jama'a ba, tun bai rufe baki ba zai gani a idanunsu. Ƙasashen da suka zo shawara, babba da ƙarama, kowace tana ɗaukar kanta daidai da 'yar'uwarta, saboda haka zaman kewaye ya fi dacewa da su. Kewayen ɗakin daga irin zaman da za a yi cikinsa ya fito.

Amma kewayayyen ɗaki yana da nasa aibi, mai zane kuwa dole ya san shi. Wanda ya taɓa sa kai cikin rumbun da ba hatsi ya yi magana ya san yadda murya ke komo masa. Sauti yana tafiyar mita 340 cikin daƙiƙa guda. In ya bugi bango mai tauri mai santsi sai ya komo, kamar yadda ƙwallo ke yi. In bangon yana kusa, komowar takan haɗu da muryar ta ƙara mata ƙarfi. In kuwa ya kai nisan mita 17 ko fiye, kunne yakan ji abu biyu dabam, maganar da kuma amsa-kuwwarta, kalma ta hau kan kalma. Bango mai lanƙwasa ya fi muni, gama yakan tattara sautin ya zuba shi wuri guda, na wannan kujera ya ji kamar ana yi masa ihu, na waccan bai ji kome ba. Akwai wani shahararren ɗakin taro mai kewaye a Landan, Royal Albert Hall, da aka buɗe a 1871. Kusan shekara 100 yana fama da amsa-kuwwa, sai a 1969 aka rataya waɗansu manyan fayafai a ƙarƙashin rufinsa, sa'an nan abin ya yi sauƙi. Maganin dai shi ne a hana sauti samun bango mai santsi. A lulluɓe bango da katako mai tsaga-tsaga, a sa kujeru masu laushi, a shimfiɗa darduma, a kakkarya fuskar silin. A Nairobi an yi aiki da katako da dutse da yawa a cikin ɗakunan.

A nan muna so mu ɗan ratse, domin abin ya shafe mu. Sau nawa muka zauna a ɗakin taro mai rufin kwano da bangon siminti, mai magana yana ta zuba, na baya ba su fahimci ko kalma ɗaya ba? Abin da akan yi shi ne a ce lasifika ta yi kaɗan, a tara kuɗi a sayo babba. Ashe ƙara wa Barno dawaki ne. Lasifika ba ta kashe amsa-kuwwa, ƙara mata ƙarfi take yi. Da kuɗin nan an sa silin, an rataya labule mai kauri ko tabarmi a bangon baya, an kuma rarraba ƙananan lasifikoki kusa da masu sauraro a rage musu murya, da an ji daɗin zaman.

Jin murya kuma ba shi ne fahimtar magana ba. Majalisar Ɗinkin Duniya da harshe shida take aiki: Turanci, Faransanci, Sifaniyanci, Rashanci, Sinanci da Larabci. Domin haka a jikin bangon ɗakunan akwai ƙananan ɗakuna masu tagar gilashi inda tafintoci ke zama. Wakili yana magana, tafinta yana juyawa nan take, kowa yana ji da harshen da ya zaɓa ta abin da ya saƙala a kunne. Aiki ne mai cin ƙwaƙwalwa, shi ya sa sukan zauna bibbiyu, suna karɓar juna wajen kowane rabin sa'a. Dole mai zane ya sa ɗakin tafinta inda zai ga fuskar mai magana da hannuwansa, gama rabin magana a fuska take. Dole kuma ya toshe shi sarai, kada Faransancin wannan ya zubo cikin Larabcin wancan. Da irin wannan shiri ne cibiyar ta karɓi babban taro na biyar na Majalisar Ikilisiyoyin Duniya a ƙarshen 1975, wanda da fari aka shirya yi a Jakarta, da taron Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ciniki da raya ƙasa a 1976, da taron mata na duniya a 1985, da taron ministocin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2015, da taron shugabannin Afirka a kan sauyin yanayi a 2023.

Iyayenmu mata da suka saba da hidimar biki za su gane abin da za mu faɗa yanzu fiye da maza. Wahalar taro ba lokacin da mutane ke zaune take ba, sai sun tashi. Mutum dubu uku su miƙe a minti guda, kowa yana neman shayi, ko makewayi, ko wani da yake so ya gani. In barandar da ke bakin ɗaki ƙarama ce, sai a cushe. In hanyar da abinci ke bi daga madafa ita ce hanyar baƙi, sai miya ta zube a rigar wani. Makewayin mata kuwa, in an yi shi daidai da na maza, layi zai yi tsawo a wajensu, gama da yawa suna tafe da goyo ko yaro a hannu, mai zane mai hankali yakan ƙara musu. Gurgu mai keke da tsoho mai sanda suna bukatar hanya mai gangara, matakala kaɗai ba ta ishe su ba. Waɗanda suka saba zuwa manyan tarurruka kuma sukan ce yawancin abin da ake ƙullawa a baranda ake ƙulla shi, mutum biyu uku a tsaye da kofi a hannu, a cikin ɗaki sai dai a sanar. Cibiyar Nairobi tana da wadatar wannan. Akwai barandu masu faɗi, ga kuma babban fili a gaba mai tafkunan ruwa da sandunan tutoci, da mutum-mutumin Kenyatta a zaune a tsakiya. In kayan baje koli sun fi ƙarfin ɗaki, sai a kafa rumfuna a filin.

Sai maganar iska. Jikin mutum a zaune yana fid da zafi kimanin na ƙwan lantarki irin na dā mai wat 100. Mutum 5,000 a ɗaki guda, kamar an kunna ƙwai 5,000 ke nan an rufe ƙofa, ban da numfashinsu. Nairobi ta yi sa'a a nan. Ko da yake tana kusa da tsakiyar duniya inda rana ke tsayawa a ka, tana kan tudu mai tsayin fiye da ƙafa 5,000 daga teku, ta ɗara Jos tsayi, saboda haka garin da sanyi-sanyi. Wannan ya ba masu zanen dama su bar hanyoyi da barandu a buɗe iska tana ratsawa. Wanda zai kwaikwayi ginin wata ƙasa, ya fara tambayar irin zafin garin da aka yi shi. Mun ga yadda ake sha'awar gini mai bangon gilashi tun daga ƙasa har sama. A ƙasar sanyi yana da dalili, gama suna maraba da kowane ɗigon rana. A ƙasa mai zafi kuwa tanda ce. Ranta duka yana hannun na'urar sanyaya ɗaki, na'urar kuma ranta yana hannun janareto. Ranar da mai ya yanke, taro ya watse.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi duka nauyi. A birnin Shikago na Amurka an buɗe wata ƙatuwar cibiyar baje koli a 1960, ana kiranta McCormick Place. Da ƙarfe da kankare aka yi ta, har mutane suka ɗauka wuta ba ta iya cinta. Daren 16 ga Janairu 1967, an gama jera kayan gida domin baje kolin da za a buɗe da safe, sai wuta ta tashi a bayan wata rumfa. Babban ɗakin ba shi da famfunan nan na silin masu yayyafa ruwa da kansu in sun ji zafi. 'Yan kwana-kwana suka iso suka tarar yawancin famfunan waje a rufe. Gini dai ba ya ci, amma abin da aka cika shi da shi, katako da yadi da kwali da roba, duk abincin wuta ne. Ƙarfe kuma ko da yake ba ya ƙonewa, in zafi ya kai wajen digiri 600 yakan rasa rabin ƙarfinsa. Dogayen katakan nan da suka ba ɗakin faɗi ba ginshiƙi, su ne suka yi laushi, rufin ya rufta. Mai gadi ɗaya ya rasu. Da rana ce abin ya faru, ɗakin cike da 'yan kallo, Allah kaɗai ya san iyakar hasarar. Da aka sake gina wurin aka buɗe a 1971, an sa masa kawunan yayyafa ruwa wajen 40,000.

Ba kuwa sai da wuta taro ke hallaka ba. A garin Sunderland na Ingila, ran 16 ga Yuni 1883, an tara yara a wani ɗakin taro ana yi musu wasa. Da aka ce za a raba kyauta, yaran da ke bene suka ruga ƙasa. A gindin matakala akwai ƙofa mai buɗewa ciki, an sa mata sakata an bar 'yar kafa wadda yaro ɗaya kaɗai zai iya wucewa. Na baya suka danno na gaba. Yara 183 suka mutu, ba wuta, ba rushewar gini. Daga wannan masifa ne aka kafa doka a Ingila cewa ƙofofin fita na wuraren taro su riƙa buɗewa waje, daga baya kuma aka ƙago sandar nan da ake gicciyawa a jikin ƙofa, wadda ko da ƙirji ka tura ta sai ƙofa ta buɗe. A cibiyar taro ta zamani, kafin a zana adon gaba, sai an lissafta mutum nawa ne za su zauna, ƙofa nawa za ta fid da su, faɗin kowace nawa, taku nawa ne daga kujera mafi nisa zuwa waje.

Masu karatu, yawancinmu ba za mu je Nairobi ba, amma babu wanda ba ya shiga ɗakin taro, ko na biki, ko na makaranta ranar ba da kyauta, sau da yawa kuwa da yara a hannu. In kun shiga, ku duba ƙofa nawa ce, ina take buɗewa. Mun sha ganin ɗaki mai ƙofa huɗu, uku an garƙame su da kwaɗo don tsoron ɓarayi ko masu shiga ba gayyata, mai mabuɗin kuwa ya tafi kasuwa. Mun ga inda aka jibge karyayyun benci a bakin ƙofar baya. Wanda yake cikin kwamitin gini, ko aka ba shi shirya taro, yana da iko ya ce a buɗe kafin a fara. Sauya ƙofa ta koma buɗewa waje aikin kafinta ne na yini guda.

Saura abu ɗaya wanda zane ba ya nunawa, watau abin da ke faruwa bayan baƙi sun tafi. Babban taro mako guda ne ko biyu, gini kuwa kullum yana cin kuɗi: lif, famfo, fenti, masu shara, masu gadi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Injin da ke juya gidan abincin nan na ƙoli ya tsaya, ya yi shekaru bai motsa ba. Aka kuma daɗe ana jayayya a kan mai ginin. KANU ta riƙe shi kamar kayanta shekara da shekaru, har ta faɗi zaɓe a ƙarshen 2002, sabuwar gwamnatin Mwai Kibaki ta karɓe shi a 2003 bisa hujjar cewa da kuɗin jama'a aka gina shi. A halin nan kuma waɗansu ƙasashe suka taso da nasu. Ruwanda ta buɗe tata cibiya a Kigali a 2016, ita ma da kewayayyen rufi wanda aka kwaikwayo daga fadar sarakunansu na dā, a can ne kuwa aka sa hannu a yarjejeniyar ciniki ba shinge ta Afirka a watan Maris na 2018.

A ƙarshen 2023 gwamnatin Kenya ta sa cibiyar cikin jerin kamfanoninta da take so ta sayar. Mutane suka yi ca, aka kai ƙara, a watan Satumba na 2024 Babbar Kotu ta soke dokar da aka dogara da ita, ta kuma ce ginin kayan tarihin ƙasa ne. Ba wannan ne karo na fari da alƙalai suka zauna a kansa ba. A 2019 Kenya ta fito da sababbin takardun kuɗi, kowace daga ta shilin 50 har ta shilin 1,000 da hoton cibiyar a fuskarta. Tsarin mulkinsu na 2010 kuwa ya hana sa hoton wani mutum a jikin kuɗi, ga shi mutum-mutumin Kenyatta ya fito a gefen hasumiyar. Aka kai ƙara a kan wannan ma. Alƙalai uku suka tashi daga kotu, suka je filin da kansu aka auna nisan da ke tsakanin mutum-mutumin da hasumiyar. Biyu daga cikinsu suka ce shi ma wani sashe ne na ginin, ɗaya ya ƙi, aka bar kuɗin yadda suke.